Hutun da Aka Zaci Karatu Ya Taɓa Min Kai

Shekarun baya, ina shekara ta biyu a jami'a ina karanta fiziks, na dawo gidanmu cikin Birni hutu da wani darasi da ya tsaya min a wuya. Wai ilektaron, ƙwayar nan da ido ba ya gani, tana ɗauke da ƙarfin juyawa kamar katantanwa, amma ita kanta ba juyawa take ba.

Don in gane, na cire tayar gaba ta keken mahaifina, na shige ɗaki ina wulwula ta, ina karkata ta, ina magana ni kaɗai. Mahaifiyata ta leƙo.

"Kai, lafiya?"

Ni da iyayi, sai na zauna na yi mata bayani. Ta dube ni ta ce:

"Tana juyawa, kuma ba ta juyawa?"

"Haka ne, Inna."

Shi ke nan na kashe kaina! Daga ranar kununa ya fara ɗanɗanon rubutu. Ta shinshina rigunana ko na fara shaye-shaye. In na shigo tsakar gida sai hira ta mutu. Haushi ya kama ni, na daina cin abin da ban ga zubawarsa ba, wannan kuma ya ƙara tabbatar mata. Ƙarshe ta ce wa mahaifina kada a bar ni in koma makaranta, boko ya taɓa min kai.

Ya kira ni zaure, fuska ba walwala. Na ɗaura igiya a gefe ɗaya na ƙarfen tsakiyar tayar, na riƙe igiyar, na wulwula tayar, na sake ta tana rataye. Maimakon ta kife, sai ta tsaya a tsaye tana zagayawa a hankali. Inna daga bayan ƙofa ta saka salati.

Mahaifina ya karɓa ya gwada da hannunsa, ta yi masa yadda ta yi min.

"To, in aljani ne, a kekena yake, ba a kan yaron nan ba. Zai koma. Kai kuma mayar min da tayata."

Yau ni ke koyar da darasin nan, lissafinsa na iya, amma har gobe ban iya hango shi a raina ba. Na sha ba ɗalibai labarin muna dariya. Sai bayan rasuwar Inna yayata ta gaya min, duk hutun nan da nake fushi da ita, azumi take yi tana kuka a ɓoye, a zatonta ta rasa ni. Tun ranar ban sake ba da shi da dariya ba.