Dutsen Yaya Hajo

Kun san Yaya Hajo ba ta fita sai da ɗan dutsen niƙa ɗaure a ƙugu. Ba ado ba ne. In ta kwance shi, sama take yi. Haka aka haife ta. Ni ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya, aka haife ni da nauyin turmi.

Mun bi gardawa kasuwa-kasuwa, su da kurarsu da macizansu. Aikina riƙe igiyar da ke ƙafarta. Shekara ashirin ana kallon sama, ba wanda ya taɓa duban mai igiya.

Ranar farko a kasuwar Lolo, Sarkin Gardawa ya ce mace ba ta taka filin wasa. Ta kwance dutse, ta tsaya bisa rawaninsa.

"Na taka, Sarki?"

Kai! Har kura ta ɗaga kai. Ni ko tafin hannuna ya saɓule da jan igiya.

Shekarar da aka sauke tutar Turawa, wani jandarman Dahome ya tare mu a iyaka, wai takarda. Ta miƙa masa dutsen, ta haye ta bisa kansa.

"Ga wanda ya taka ƙasarku nan, Mushe jandarma. Tambaye shi."

Ni aka tsare har la'asar.

Na yi kwana bakwai ina shan ruwan koko ko zan rage nauyi in tashi kamar ita. Jiri kawai na samu. Da haushi ya ishe ni, na sace dutsen tana barcin rana. Na dawo na iske ta manne da jinkar ɗaki kamar jemage.

"Kulu, in kin gama baƙin cikin, miƙo mini buta."

Da ta rasu a Bagudo, maza huɗu suka ɗauki makara, makara ta ɗauke su. Na fito da igiyata. Liman ya ce mata ba sa bin gawa.

Na ce, "To ku riƙe ta, Malam."

Ya dubi ƙafafun mutanensa suna lilo, ya ce a ba ni hanya.

Ranar duk gari ni yake kallo. Abin da na nema shekara ashirin ke nan, kuma ban ga kowa ba don hawaye.

Dutsen yana ɗakina. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ƙasa ta riƙe ta a hankali.