Silbanus Mai Kwalba da Gansakukar Tafkinmu

Ni Hamma na Roni, ni na fara ganin abin nan kafin kowa. Ban yi boko ba, da baki nake faɗa ana rubutawa, amma idona ya riga na 'yan jami'a. Shekarar babban fari, lokacin da kuɗin man fetur ke shiga birni mu kuwa muna binne shanu, tafkinmu ya janye, ya yi wata gansakuka mai shuɗi-shuɗi kamar an juye ruwan marina a kai. Shanuna uku suka sha da hantsi, kafin la'asar sun faɗi. Na ce ruwan ne. Aka ce aljanu ne.

Wanda ya fara yarda da ni shi ne Silbanus, mutumin kudancin Zariya, ƙaramin ma'aikacin ɗakin gwaji na jami'a. Duk bazara yakan sauka Kazaure. Rana ba ta gama fitowa ba, za ka ji kwalabe na kaɗawa a bayan babur ɗinsa. Daga Gwiwa har Babura, ba kududdufin da bai naɗe wando ya shiga ba. Ya ɗiba, ya toshe, ya rubuta sunan gari a jikin kwalba, ya naɗe da jiƙaƙƙen buhu don kada rana ta dafa ta.

Na tare shi na ce, "Kai Mai Kwalba, me gwamnati za ta yi da dattin tafki?"

Ya ɗiga ɗigo ɗaya, ya ce in leƙa madubinsa mai ƙara girman abu. Wallahi sai ga zare-zare a jere kamar carbi! Wa ya jera su? Har yau ina tambaya.

Ya ce, "Malam Hamma, ƙananan halittu ne. Dafinsu ne ya kashe shanunka. Malamai na son su gani, in an tace shi, ko zai kashe ƙwayar ciwon daji ya bar mutum."

Ni kuwa matata Ma'u tana da ƙullutu a nono. A wurinmu in an ce abu magani ne, jiƙawa ake a sha. Na cika ƙwarya, na jefa jar kanwa, na nufi gida. Shatu maƙwabciyarmu ta gan ni, ta gaya wa Silbanus a bakin tafki. Ma'u na kai ƙwaryar baki, sai ga mutum ya faɗo gidana ba sallama, ya buge ƙwaryar ta tsage. Na ɗaga sanda.

Ya ce, "Buga, Malam. Amma fara gaya min, saniya nawa ka binne?"

Ma'u ta dube ni. "Ashe ruwan shanun ne? Ka ce min na jami'a ne!"

Sanda ta sauka da kanta. Washegari shi ya nemo mota, ya raka mu asibiti a Kano, aka yi mata aiki.

Kai ne, Silbanus, wanda ya so gansakuka fiye da kowa, amma bai taɓa ce wa mara lafiya ya sha ba. Kullum na tambaye ka ko maganin ya fito, sai ka ce, "Tukuna, ana kan bincike." Yau ka ajiye aiki, magani har yanzu tukuna, sunanka bai hau takardar kowa ba. Mun gode, Allah ya saka maka. Masu tasowa, ku koyi faɗin "tukuna" irin nasa.

Mai musu ya zo Roni. Ƙwaryar na nan a rataye da tsagarta, Ma'u na tsakar gida tana dama fura. In bai gamsu ba, tafkin na nan, ni zan ɗebo masa da hannuna.