Ɗan Sannu, Maɓallin Yana Inda Ka Bar Shi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, goma sha tara ga watan Yuli, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran ƙanena, wanda tun yana rarrafe mahaifiyarmu ta laƙaba wa suna Ɗan Sannu. Injiniyan ruwa ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haƙa wa ƙauyuka rijiyoyi, yana bin hanyoyin da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya shiga, bai taɓa dawo mana da ko ƙwarzane ba. Sai ga shi ya rasu a kan lafiyayyar kwalta, a kujerar gaba ta motar wani.

Wanin nan ba baƙo ba ne. Mijin autarmu ne, dillalin gidaje, wanda dangi ke kira Mai Huɗu a bayan idonsa, ni kuma nake kiransa haka a gaban idonsa. Ya fito daga hatsarin da filasta guda a goshi. Tun ba a naɗe tabarmin makoki ba ya miƙe a gaban dattawa ya yi alkawarin shi zai riƙa kai 'ya'yan mamacin, mata biyu, makaranta kullum safiya, tunda mahaifiyarsu tana takaba. Dattawa suka yi ta sa masa albarka. Ni ban sa ba, kuma zan faɗi dalili.

Ɗan Sannu, da kai nake magana yanzu. Kai ka koya mini tuƙi bayan rasuwar maigidana, ina da shekara hamsin da ɗoriya, lokacin da kowa ke cewa in haƙura in riƙa jiran a kai ni a ɗauko ni kamar kaya. A tsohuwar motarka ta aiki ka koya mini. Ranar farko na daki tukunyar fulawar maƙwabcinka, ta yi raga-raga. Ka fita ka duba, ka dawo ka ce mini laifin tukunyar ne, ita ta shigo hanya. Washegari na ga sabuwa a wurin, ba ka taɓa tayar da zancen ba.

Motar irin mai jan taya huɗu ce, da wani maɓalli da ake juyawa kusa da giya. In yana kan biyu, tayoyin baya kaɗai ke tura mota. In aka kai shi huɗu, sai a ɗaure na gaba da na baya su ja tare. Can ƙarshe akwai huɗu ta ƙasa, mai ƙarfin gaske da tafiyar hawainiya. Ni da ganin haka na kai hannu zan juya, don a tunanina abu huɗu ya fi abu biyu. Ka riƙe mini hannu kana dariya.

"Yaya, kin tuna ranar da muka shigar da gadon Inna ɗaki?" ka ce. "Da muka zo kwana, na gaba ya zagaya nesa, na baya ya taka kusa. Da an ɗaure mana ƙafafu mu yi taku ɗaya, ko mu faɗi ko gadon ya karye. A laka ko yashi ƙasa tana ba da kai, taya ta ɗan zame ta huta. Busasshiyar kwalta ba ta ba da kai, sai taya ta ci kanta. In kina cikin gari, bar shi a biyu."

Karatun ke nan gaba ɗaya. Ni tsohuwa na ɗauke shi a zama guda, shi kuwa Mai Huɗu shekara da shekaru kana yi masa bita, kamar ana zuba ruwa a kwando.

Ba wai kana jin tsoron huɗun ba ne. Na gan ka ka yi aiki da ita. Wata rana bayan an ɗauke ruwan sama, motar mai burodi ta kafe a kwatamin bayan kasuwa, mutane sun kewaye ta, kowa na ba da shawara, hannuwa a aljihu. Kana sanye da fararen kaya za mu je gaisuwa. Ka tsaya, ka naɗe ƙafar wando, ka shiga lakar ka ɗaura igiya da hannunka, ka kai maɓallin huɗu ta ƙasa, ka jawo ta a hankali ba ko ƙara. Mai burodi ya cika maka hannu, ka ɗauki guda ɗaya don kada ya ji kunya. Abin da ban manta ba shi ne, tayoyinmu na taka kwalta ka tsaya ka mayar da maɓallin biyu, sannan ka tambaye ni ko laka ta ɓata mini mayafi. Haka kake da komai naka. Ƙarfinka sai an buƙata yake fitowa, in an gama ka mayar da shi ka yi shiru.

Shi kuwa surukin namu, tun da ya sayi tasa, dajin da ya fi shiga shi ne filin ajiye motoci na ofishinsu, tudun da ya fi hawa kuma dakalin shagon mai aski. Amma tun ranar farko ya kai maɓallin huɗu ya bar shi can, rani da damina. Motarsa sabuwar yayi ce, har da wurin da in ka sa, ita da kanta za ta zaɓi abin da ya dace da hanya. Ya ce shi ƙarfe ba zai zaɓar masa ba. Biyu kuwa, in ji shi, ta masu tasi ce. Ina dalilin a sa mai ƙafa huɗu ɗingishi? In zai karya kwana ya shigo ƙofar gida, sai ka ji tayoyi na kuka, motar na turjewa tana tsalle kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa. Ya sauke gilashi ya dube mu, ya ce, "Kun ji ƙarfi?" Mun ji kam.

Tayoyinsa ba sa jimawa sai su suɗe kamar tafin hannu, ya ce masu sayar da taya ɓarayi ne. Mota na shan mai, ya ce gidan mai na tauye mudu. Ƙarƙashinta na ƙugi, ya sauya makaniki, wanda duk ya gaya masa gaskiya shi ne bai iya aiki ba. A duk faɗin gari mutum ɗaya ne bai taɓa zargi ba, wanda yake gani a madubi yana gyara hula. Ni ban taɓa rufa masa ba, shi ya sa gaisuwarmu ba ta wuce ina kwana. Kai kuwa haƙuri ya yi maka yawa. In ka shiga motarsa sai ka juya maɓallin a sirrance don kada ka kunyata shi gaban matarsa, shi kuma ya gani ya mayar.

Abin da ya faru ranar Asabar ɗin, Auta ce ta ba ni labari a gadon asibiti, hannunta a ɗaure, don tana kujerar baya. Za ku duba Kawu da ke kwance a asibitin garin da ke gaba. Ka bar wa matarka motarka saboda za ta kai ƙaramar 'yarku wajen likitan haƙori, sai Mai Huɗu ya ce ka zo ku tafi a tasa. Kafin ka shiga ka zagaya motar, ka shafa tayoyin da hannu, ka ce to a tafi a hankali. Ka mayar da maɓallin inda mota ke zaɓa da kanta. Ya yi dariya ya juya abinsa, ya ce, "Yaya, a taka motar ka yi mulki."

Kuna fita gari ruwa ya sauko. Mai hankali in ya ga ruwa ƙafarsa yake ɗagawa, shi sai ya ƙara takawa, wai ranar da motarsa za ta nuna kanta ta zo. Auta ta ji ka ce masa, "Rage gudu. Huɗu ja take yi, ba ta tsayar da mota. Birkinka da na mai tasi duk ɗaya ne." Ya ce, "Kai dai Yaya tsoro ya yi maka yawa. Wannan ko a kan sabulu ba ta santsi." Da kuka zo kwanar da ke bayan gada ya murɗa sitiyari, motar ta ƙi bin sa, ta miƙe abinta. Ɓangarenka ne ya daki kankaren gefen hanya. Ana cewa wanda bai ji bari ba zai ji hoho. To, shi ya ƙi jin bari, mu muka ji hoho.

Na yi imani da ƙaddara, kuma na san ko a kan gadonka kake, in wa'adi ya cika sai an tafi. Amma ƙaddara ba bargo ba ce da kowane wawa zai ja ya rufe aikinsa. Ranar farko ta makoki bai iya ɗaga kai ba, har na fara tausaya masa. Zuwa rana ta biyu baki ya buɗe. Ina daga cikin gida ina jiyo shi yana ba masu gaisuwa labari, yana nuna yadda ya riƙe sitiyari, yana rantsuwa cewa da ba a huɗu motar take ba, da babu wanda zai fita da rai. Mutane na gyaɗa kai suna cewa Allah ya tsare gaba. Lallai tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, sai dai ban taɓa ganin an naɗe ta a gidan mamacin ba sai a kansa.

Ranar Litinin da yaran za su koma makaranta, sai ga shi da sassafe cikin wata motar, irin waccan sak, yana danna hon a ƙofar gidan da ake takaba. Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, yana tsaye a waje don ya sa albarka. An riga an sa jakunkunan yaran a kujerar baya, su kuma suna bakin ƙofa cikin kayan makaranta, babbar riƙe da hannun ƙaramar. Rana ta fito tas, kwalta a bushe ƙamas. Na matsa na leƙa ta gilashi.

"Yaya, ina kwana? Ya ƙarin haƙuri?" in ji shi.

"Haƙuri da godiya," na ce. "Wannan maɓallin fa, me ya kai shi huɗu?"

"Ai saboda yaran ne, Yaya. Don kariya."

"Kariyar da ka ba ubansu ta ishe mu."

Baffa ya ce, "Haba, ke kuwa. Alheri ya zo yi, kada ki ɓata zumunci."

Na ce, "Baffa, ka gafarce ni. Zumuncin nan ya ci mana mutum guda, ba zan ƙara masa yara biyu ba."

Ina tsammanin za a yi ta ja-in-ja, sai Auta, wadda ta kwana a gidan tana taya matarka zama, ta fito daga ciki. Ba ta dubi mijinta ba. Ta buɗe ƙofar baya da lafiyayyen hannunta, ta ciro jakunkunan ɗaya bayan ɗaya, ta kai su gindin tsohuwar motarka ta ajiye. A zaman aurensu ban taɓa ganin ta musa masa ko a kan gishirin miya ba. Matarka kuma ta miƙo mini makulli ta bayan labule. Mai Huɗu ya ja motarsa. Da ya zo kwanar layi muna jiyo tayoyinsa na kuka.

Na shiga motarka, ban taɓa zama a kujerar nan ba ka gefena ba. Hularka ta aiki tana nan a kan kujera, ƙamshin turarenka bai fita ba. Na kai hannu wajen giya, babbar 'yarka ta leƙo daga baya ta ce, "Gwaggo, kada ki taɓa wancan. Baba ya ce in kwalta a bushe take, a bar shi a biyu." A nan kukan da na riƙe tun ranar Asabar ya ƙwace mini. Da na share ido na tayar da mota, muka tafi sannu a hankali, irin tafiyarka, muka kuma isa kafin a buga ƙararrawa.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, wadda ta rasa aboki, da 'ya'yanka biyu, da Kawu wanda har yanzu yake tambayar me ya hana ka zuwa dubiya, da Auta wadda nata ciwon ya fi ƙarfin ɗori, da abokan aikinka, da mutanen ƙauyukan da ke shan ruwan da ka haƙo. Shi kuwa surukinmu, Allah ya shirye shi, in da rabo ya haɗa shi da direba.

Ya Allah ka jiƙan ɗan'uwana, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sanya kowane ɗigon ruwan da aka sha ta dalilinsa a mizaninsa. Ka raya abin da ya bari, ka ba mu haƙurin rashinsa, ka kyautata namu ƙarshen. Ɗan Sannu, ka huta. Yaranka suna hannuna kullum safiya muddin ina numfashi, maɓallin kuma yana nan inda ka bar shi.