Cinikin Motar Surukina

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun nan na tsadar rayuwa waɗanda na roƙi Allah ya mantar da ni su, kuma ya amsa. Amma cinikin da na yi da surukina a kan tsohuwar motarsa, wannan kam ko tsufa ya taɓa mini hankali ba na jin zai fita daga raina.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye a kan hanyar Runka, ina zaune da iyalina a gidan haya a Safana. Kullum da safe sai in tsaya bakin titi in jira a-kori-kura, in ɗare baya tare da buhuna da awaki, in isa makaranta rigata tana warin bunsuru. Burina a duniya bai wuce babur ba. Na shiga adashin malamai na daure, na hana kaina nama, na hana kaina sabon ɗinki, har kwasata ta zo. Launin babur ɗin ma na riga na zaɓa a zuciyata.

Surukina, mahaifin maiɗakina, mutumin Batsari ne, tsohon direba. Ya yi shekaru yana jigilar 'yan kasuwa zuwa Katsina a wata doguwar farar mota wadda ta girmi matata. Da ita ya gina gida, da ita ya aurar da 'ya'ya, a cikinta ma aka kawo mini amarya. Sai zamani ya juya. Gonarsa ta wajen Yasore ta gagari zuwa saboda 'yan bindiga, rumbu ya bushe, kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabi, fasinja suka koma hawa babur. Mota ta koma zaman dirshan a gindin darbejiyar ƙofar gida. Duk da haka kowace safiya sai Baba ya fito da tsumma ya goge ta tun daga fitila har bamba.

Na san gidan yana cikin matsi, amma taimakon Baba sai dabara. Na taɓa aika masa da buhun gero, ba azumi ba, ba salla ba. Sati bai zagayo ba sai ga tunkiya an kawo mini, wai in ji Baba a ba jikokinsa su yi kiwo. Tunkiyar ta fi geron tsada nesa ba kusa ba. Daga nan na gane duk abin da na aika masa, asara nake jawo masa. A wurinsa, mutum bai aurar da 'yarsa don ya ci abinci a hannun mijinta ba.

Wata Asabar muka je gaisuwa. Tun daga nesa na hango wasu mutum biyu suna zagaya motar, suna ƙwanƙwasa bodinta da bayan yatsa, suna leƙa ƙarƙashinta kamar mahauta a gaban tsohuwar saniya. 'Yan gwangwan ne, masu sayen mota su yanka ta su sayar da ƙarfen a sikeli. Tare da su akwai wani dillali, tsohon abokin Baba, mutum mai surutu da jan hula. Baba yana tsaye gefe da tsummansa a hannu. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, kamar ba motarsa ake yi wa kallon nama ba. Mutanen suka ce za su dawo ranar kasuwa da kuɗi.

Muka kama hanyar komawa ni da maiɗakina. Sai da muka isa gida tana kwance goyo na ce mata ina tunanin sayen motar nan. Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

"Babur ɗinka fa, Malam?"

"Babur ba ya gudu."

"Don Allah kada ka saya don ni," in ji ta. "Ka sha wahala kafin ka tara. Kuma in Baba ya gane taimako ne, wallahi gara a yanka ta a gabansa."

Gaskiya ta faɗa, kuma ni ma zuciyata ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Don haka na ɗauki wani abokina bakanike muka je Batsari, muka faki lokacin da Baba ya tafi jana'iza, ya duba mini ita. Ya buɗe inji ya daɗe yana kallo, ya rufe, ya yi salati.

"Malam, tsakaninka da Allah, wa ka yi wa laifi? Lagireto yoyo, kuloci ya tafi, salansa da waya aka ɗaure ta. Man da za ta sha daga nan zuwa Safana ya isa babur ya kai ka Kano. Alherinta ɗaya ne: ko 'yan bindiga suka tare ka a cikin wannan, su za su ba ka sadaka."

Na yi dariya. Kwanakin da suka biyo baya na yi ta saƙawa ina kwancewa. In na hau bayan a-kori-kura akuya ta taka mini ƙafa, sai in ce babur zan saya, kowa ya ji da kansa. In na zauna cin tuwo kuma, sai in tuna gidan da aka yi mini tarbiyyar matar da ta tuƙa shi, in tsame hannuna. Abin da ya yanke mini shawara shi ne hoton Baba da tsumma a hannu. Mutumin da ya san gobe za a yanka motarsa, amma bai fasa goge ta ba. Na ce a raina in na bari aka ja motar nan aka fita da ita a gaban maƙwabta, duk garin zai san Baba ya kai maƙura, kuma wannan zai fi yunwar yi masa ciwo.

Ana gobe kasuwa na sami dillalin na ce ina son mota. Ya dube ni sama da ƙasa, ya gyara hula, ya ce to ai sai a yi ciniki. Matsalar ita ce a wajenmu suruki ba ya zama gaba da gaba da mahaifin matarsa suna ja-in-ja a kan kuɗi. Ko ido ba na iya haɗawa da shi, balle in ce masa "rage mini". Sai aka tsara Baba ya zauna cikin zaure a kan tabarma, ni in tsuguna waje a jikin motar, dillali ya riƙa kai da kawowa.

Na faɗi tayina, kusan duk abin da na kwasa a adashi. Dillali ya zaro ido, don ya ninka abin da 'yan gwangwan suka taya, amma da yake la'adarsa za ta yi kauri sai ya shige zaure da sauri. Ina jiyo muryar Baba daga ciki.

"Albarka."

Wato bai sallama ba. Dillali ya fito yana sosa ƙeya.

"Malam, wai ya yi yawa. Ya ce in hwaɗa maka addini ya hana a ɓoye aibin kaya. Wagga mota ba ta tashi da sahe sai an tura. Ƙohwar gaba da igiya aka ɗaure ta. Kuma ribas sai ta ga dama."

Na ce ya koma ya gaya wa Baba ai turin motsa jiki ne, igiya kuma ta fi makulli aminci, ni kuma ba ni da niyyar komawa baya a rayuwata. Na ƙara da cewa irin wannan ƙarfen na da ba a yin sa yanzu, in ma an samu sai an ninka abin da na taya. Ya shiga, ya fito.

"Albarka, in ji shi. Wai tana shan ruwa kamar raƙumi, kuma in ka karya kwana hagu oda takan yi kuka da kanta."

Haka muka yi ta yi. Mai kaya yana kushe kayansa yana rage kuɗi, mai saye yana yabo yana ƙarawa. Baba ya tono aibin da ko bakanike bai gani ba, ni kuma na yi wa motar kirarin da ko sabuwa ba ta samu ba. Dillali ya yi zirga-zirga har gumi ya jiƙa masa riga. Can ya tsaya a tsakiyar ƙofar zaure, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ya cire hula ya ɗaga murya.

"Jama'a, tun da nike dillanci ban taɓa ganin wanga irin ciniki ba! Mai saye shina hwaɗa a ƙara, mai saidawa shina hwaɗa a rage! Ku ji tsoron Allah ku bar ni in ci la'adata!"

Na ji Baba ya yi wata 'yar dariya a ciki, irin wadda na daɗe ban ji ba. Dillali ya yanke kuɗi a tsakiya, ya fi kusa da nawa, ya rantse in aka sake cewa albarka zai tafi gida. Sannan muryar Baba ta fito a hankali.

"Na sallama. Allah ya sa a kashe lahiya."

Ya fito da kansa da makulli, wanda ke ɗaure da wata tsohuwar fata da ta yi baƙi don riƙo. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. A nan na fito da sauran dabarata. Kaina a sunkuye na ce, "Baba, ina neman alfarma. Gidan da nake haya ba wurin ajiye mota, kuma tuƙin nawa bai nuna ba. In ba damuwa a bar ta nan wurinka, ka riƙa tayar da ita kada inji ya kwanta." Na miƙa masa makullin.

Ya miƙo hannu ya karɓa. Ya ce, "To, Malam. Ajiya ce."

Dillali kuwa na ja shi gefe na roƙe shi ya rufe bakinsa, kada kowa ya san an sayar. Mota ta ci gaba da zama inda take, Baba ya ci gaba da goge ta. Duk wata in na ɗauki albashi sai in aika da kuɗin mai da na gyara, wani lokaci da ɗan buhu a matsayin ladan ajiya. Ba a sake aiko mini da tunkiya ba, tunda ai ba shi na ba, motata nake ciyarwa. Ranar Juma'a in mun je, matasan unguwa su tura, ta yi tari ta tashi, Baba ya zuba jikokinsa a baya ya zagaya da su gari, oda tana kuka a kowace kwanar hagu, yara suna ihu. Ni kuma na koma bayan a-kori-kura da awakina. Malamai suna tambayata ina babur, ina cewa wata hidima ce ta taso. Ina jin daɗi a raina cewa na yi wayo, na rufa wa dattijo asiri ba tare da shi kansa ya gane ba.

Bayan wasu shekaru Allah ya yi wa Baba rasuwa, bayan 'yar gajeriyar jinya. Muna zaman makoki a gindin darbejiyar nan, motar tana gefenmu, sai na lura duk dattijon da ya zo yi mini gaisuwa sai ya ce, "Mai mota, ya haƙuri?" Na farko na ɗauka kuskure ne. Da abin ya yi yawa na matsa kusa da dillalin, wanda shi ma tsufa ya fara rusunar da shi, na ce masa a hankali ashe bai riƙe amana ba.

Ya girgiza kai, hawaye na bin gemunsa.

"Wallahi ba ni ba ne, Malam. Shi ne. Ranar da anka yi cinikin, ana sallame la'asar ya tsai da mutane a ƙohwar masallaci. Ya ce ku shaida na saida mota, surukina ya saya. Ya ce tun tayin hwarko ya gane ba mota kake so ba. Ya ce a da shina ganin 'ya ya aurar, ashe ɗa ya samu. Sannan ya roƙe mu kada wanda ya nuna maka an sani, wai kai yaro ne mai kunya, in ka gane ya gane ba za ka ƙara iya shiga gidan ba."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na zagaya bayan motar na dafa ta, na yi kukan da ban yi ba ko a maƙabarta. Duk shekarun nan ina taƙama ina lallaɓa mutuncinsa, ashe shi ne yake lallaɓa nawa, shi da dukan dattawan unguwa. Abin da nake tsoron ya zama abin kunyarsa, shi ya ɗauka ya kai ƙofar masallaci yana alfahari da shi.

Motar tana nan har yau a gindin darbejiya, tayoyinta sun sace. 'Yan gwangwan sun sake zuwa, na ce musu albarka tun kafin su taya. Na sayi babur daga baya, ja, kamar yadda na so. Amma duk ranar da na je Batsari sai na nemi tsumma.

Abin da na koya a wannan ciniki shi ne bayarwa tana da ladabi, karɓa ma tana da nata, kuma na karɓar ya fi wuya. Ni kuɗin babur kawai na bayar. Baba kuwa ya danne girman kansa ya karɓa, ya kuma bar ni shekara da shekaru ina jin ni ne mai wayo, don kawai in ci gaba da shiga gidansa ba tare da jin nauyi ba.