Harawar Mota a Fakku

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Tambuwal, ko kuwa in ce muka shiga mota muka zauna, don mota mai shan gas ba ta san gaggawa ba. Sai ka ja wani maɓalli ka riƙe, ka zuba wa 'yar wayar da ke gaban sitiyari ido har ta yi ja kamar garwashi, sannan injin ya ga dama ya yi tari ya tashi. Motoci biyu ne, duk ƙanana, duk masu shan gas irin na manyan motocin gyaɗa, ɗaya ƙirar Faransa, ɗaya ƙirar Jamus. Na wasu Turawa ne da ke ɗaure kaya za su koma ƙasarsu tun da aka sami mulkin kai. Maigidana mai sayen gyaɗa da auduga ne, ɗaya yake so, sai aka ba shi aron duka biyun ya gwada. Shi kuwa ban da kujerar baya bai san komai a mota ba, saboda haka ya faɗa a gaban mutane cewa wadda na zaɓa in mun dawo ita za a saya. Ban ɗauki maganar da wasa ba. Wadda aka saya a cikinta zan wuni in kwana shekara da shekaru, bayana da kafaɗuna su za su ji daɗi ko su ji jiki.

Fakku muka nufa, can kudu da Kebbe, inda surukin maigida yake, don a haɗa gaisuwa da gwaji. An ɗauko wani direba daga Dogon Daji ya riƙe ɗaya motar, dattijo ne da ya tsufa a kan babbar mota, bakinsa ba ya rabuwa da goro. Muka yi shawara in mun kai Kebbe za mu yi musanya, kowa ya ɗanɗana kowace.

Ni na fara da ta Faransa, maigida yana baya. Gaskiya ba zan ci haƙƙinta ba, yarinya ce mai saurin jin magana. Sitiyarinta da yatsa biyu ma sai ka juya shi, giyarta na shiga ba gardama, kana taɓa totur ta zabura. Da muka bar burji muka faɗa gargada, nan ta nuna gwanintarta, ta riƙa haɗiye ramuka ba ta kawo mana labari ciki. Ban yi nisa ba na ji minshari a bayana. Amma fa tana da surutu. Ƙarar injin na shigowa har cikin kai, sai ka ce a gindin turmi kake zaune ana daka. Kujerar direba kuma an yi mata rowar auduga, kuma in ka sake ta a hanyar da ba ta da kyau, bayanta na ɗan yin rawa, sai ka riƙa lallashinta.

Bazara ce, gonaki duk an share ana jiran ruwa. Mun yi ta gamuwa da Fulani sun nufi kudu da shanu, jakuna ɗauke da tukwane da 'yan maruƙa. Abin da ya riƙa ba ni dariya shi ne mutanen hanya. Tun daga nesa in suka ji rugugin gas sai su janye jaki su shige daji can ciki, suna jiran ƙatuwar motar gyaɗa ta wuce. Sai ga 'yar mota ta ɓullo, wata na bin ta. Wani tsoho har ya leƙa bayanmu yana neman inda babbar ta tsaya.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Kebbe. Muka tsaya gindin wata tsamiya kusa da makaranta, inda sabuwar tuta kore da fari ke rataye, zafi ya hana ta motsi. Fura a nan ta fi ta Tambuwal girma da araha, nonon kuma ba a surka shi da ruwa ba. Furar kwabo ta isa ta kwantar da ƙato. Akwai bandar kifi daga gulbi mai kyau, na saya wa iyali. Gishiri da kananzir ne dai suka yi tsada, don a kan jaki suke zuwa. Jama'a suka kewaye motocin, ana musu a kan wace ce uwa wace ce ɗiya.

Nan na koma ta Jamus. Maigida ya ce shi ba ya barin inda ya sami barci, ya yi zamansa a ta Faransa. Tun daga rufe ƙofa na san na shiga wani gida. Ba ta da hanzari ko kaɗan, in ka taka ta sai ta yi tunani tukuna, kamar dattijon da aka kira yana alwala. Amma in ta ɗauki hanya ba ta waiwaye. Kujerar ta rungumi bayana, ƙarar injin ta tsaya can waje inda ya kamata, allurar zafi kuwa duk ranar nan ba ta gusa ba. Bayan Kebbe hanyar ta zama ta shanu, ga kututture ga yashi. A wani busasshen rafi na ga ta Faransa sai da aka ja da baya aka zo da gudu kafin ta haye, tana watsa rairayi. Ni giya ta biyu na sa, na bar ta ta taka a hankali har muka fita. Aibinta biyu na gani: sitiyari da nauyi in ana kewaya kututture, kuma cikinta na taɓa ƙasa in hanya ta yi doro. Duk da haka kafin mu hango rumbunan Fakku na gama zaɓe a raina. Son motar nan ya kama ni, ba na ɓoyewa.

Gari ya fito tarbarmu. Ta Faransa ta tsaya daidai ƙofar gidan surukin, ni na raɓa tawa gefen masallaci. Maigida, mutumin da ake durƙusa wa a Tambuwal, tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya tsuguna kansa a ƙasa yana gaisuwa, muryarsa ko fita ba ta yi. Surukin dogon tsoho ne siriri, manomi, rigarsa wankakkiya amma ta ga shekaru. Aka shigar da mu zaure, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da zabi, man shanu har yana kwance a kai. Muka ci muka yi azahar, iskar zauren ta sa barci ya ɗauke ni da abokin tuƙina.

Bayan la'asar na fito in duba motoci. Mun taso da garwa biyu na gas a bayan mota, don ba inda ake sayar da shi a wannan hanya, kuma na san tankin ta Faransa ya kusa ƙafewa. Ban kai gare ta ba wari ya tare ni. Warin fetur ba ya ɓace wa direba. Ga wata garwa da ba tamu ba a jingine da taya, wayam, ga mazurari a kanta. Tsohon yana tsaye yana murmushi, maƙwabta na bayansa, maigida ma ya fito ya tsuguna gefe.

"Malam direba, kada ka wahal da kanka, na riga ka," in ji tsohon. "Mu nan in baƙo yaz zo bisa doki, ba mu barin dokin da yunwa. Tun da anka ce min ɗana na zuwa da mota nika tambaya mi ta ka ci. Anka ce ƙaramar mota fetur ta ka sha, gas na manya na. Har Jega na aika anka ɗauko. Ga shi ta shanye duka, ko ɗigo ba ta rage ba."

Jama'a suka yi ta sa albarka. Ga wanda bai sani ba, injin gas in aka tashe shi da fetur zalla, famfon mai ya tafi, injin ma yana iya bi, kuma motar aro ce. Na matsa kusa da maigida na raɗa masa. Na ga zufa ta keto masa daga ƙarƙashin hula. A ƙasarmu mutum ba ya kallon idon surukinsa, balle ya ce masa ya yi kuskure a gaban garinsu, balle a juye kyautarsa yana gani.

"Kada shi ji," abin da maigida ya iya cewa ke nan. "Ko mi za ka yi, kada shi ji."

Na miƙe na gyara hula, na ce da ƙarfi saura gwaji ɗaya da ba mu yi ba, wanda ba a sayen mota sai da shi: a ga ko ɗaya na iya jan 'yar'uwarta in ta kama. Na roƙi Baba, surukin maigida, ya ara mana igiya mai ƙwari. Abokin tuƙina ya dube ni, ya shaƙi iskar wurin, ya tauna goronsa sau ɗaya, ya ce ai haka ake yi ko a Legas. Nan da nan aka kawo igiyar rijiya, muka ninka ta muka ɗaure.

Kafin mu tashi tsohon ya zo ya ɗora tafin hannunsa a kan ta Faransa, ya daɗe yana addu'a. Da ya shafa sai ya ce da ita, kamar yana magana da mutum, "Kin ci na gidanmu, kin zama tamu. Duk ran da kid dawo, harawarki na wuyana."

Ta Jamus ta ja 'yar'uwarta da maigida da direba da kayan tsaraba, ko nishi ba ta yi ba. Gari ya bi mu da sowa har bayan rumbuna. Ko a yashin rafin nan ba ta tsaya ba, ni ko ina ciki ina jin kamar ni na ƙera ta. Sai da muka tabbata ba mai ganinmu muka tsaya. Na juye garwa ɗaya ta gas a tawa don a sami wurin tara, na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashin ta Faransa na kwance ƙusar gindin tanki. A nan ma na yaba mata, ƙusar a sarari take, hannu na kai wa ba wahala. Da garwar ta cika akwai ɗan saura, abokin tuƙina ya ce a bar shi ya tsiyaye a ƙasa. Maigida ya hana. Ya zazzage tulun ruwansa na ƙarfe ya miƙo, aka tare har ɗigon ƙarshe.

Yana tsaye yana kallon man na zuba, ba da ni yake ba, ba kuma da kowa ba, ya ce lokacin da tsohon nan ya ba shi ɗiyarsa jaki ɗaya gare shi, kuma tun da Allah ya buɗa masa, tsohon bai ƙara samun abin da zai ba shi ba sai yau. Muka zuba gas, waya ta yi ja, ta Faransa ta tashi lafiya lau.

Sai bayan isha'i muka shigo Tambuwal, a gajiye, riguna duk warin mai. A ƙofar gida, mutanen da aka yi alkawari a gabansu suna zaune a tabarma. Maigida ya fito, ya tambaye ni wace ce, idonsa na kan takalminsa. Shi mutum ne mai cika magana, na san in na ce ta Jamus ita za a saya, ba zai ce uffan ba. Na kuma san ran da muka koma Fakku da wata mota, tsoho zai fito ya duba bayanmu ya tambayi inda tasa take.

Na ce ta Faransa.

Abokin tuƙina ya yi dariya har goro ya sarƙe shi, don tun a Fakku nake cika masa kunne da yabon ta Jamus. Maigida bai yi dariya ba, ya dai ɗago ya dube ni, ya shige gida.

Ga 'yan'uwana direbobi da za su tambaya, ra'ayina bai canja ba. In kai ne a gaba kana tuƙi, kuma hanyarka yashi ce da nisa, ta Jamus ta fi, nesa ba kusa ba. In maigida ne a baya yana son barci, ko hanyar gargada ce, ta Faransa ba ta da laifi, sai dai ka nemi matashi ka toshe kunne. Da safe da na mayar da ta Jamus na ji zafi a raina ƙwarai, har na ɗan zauna a ciki bayan na kashe ta. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, duba inji da taya rabin aikin direba ne, sauran rabin sanin ƙofar da motar za ta riƙa tsayawa. Yanzu na san abin da ke gabana. Duk ran da za mu Fakku, zan tsaya bayan gari in cika tankin nan da gas har baki, yadda in Baba ya zo da garwarsa ya buɗe, zai tarar ɗiyarsa a ƙoshe take.