Makullin da Ke Aljihun Haliru

A shekara ta 2018 ne aka sauke wata koriyar mota a ƙofar garejin tsoho Teoh da ke unguwar Cheras a Kuala Lumpur, kuma daga wannan rana aikin Haliru ya sauya. Kafin zuwanta, ƙananan motocin gida yake gyarawa: ya canza baƙin mai, ya ɗaure birki, ya sallami mai mota kafin la'asar. Ita kuwa wannan ƙirar Amurka ce ta shekarar 1970, mai silinda takwas da doguwar gaba, irin wadda ake ƙerawa domin ƙarfi da ruri, ba domin kai yara makaranta ba.

Haliru Bakano ne. Ya koyi kanikanci a Ƙofar Ruwa tun kafin ya shiga jami'a, ya zo Malesiya karatun digiri na biyu a fannin injiniya, da ya gama kuma Teoh, wani dattijon Basine mai ƙarancin magana, ya nema masa takardar izinin aiki. Yana zaune a unguwar Taman Melati da matarsa Surayya da 'ya'yansu mata biyu, Daso da ƙanwarta. Abin da aka fi saninsa da shi hannunsa ne: siriri, mai dogayen yatsu, yana shiga inda hannun wani ba ya shiga.

Wanda ya kawo aikin motar shi ne Muntasir. Tare suka yi zaman koyo a gareji ɗaya a Kano, cikin kwano ɗaya suke cin abinci, sai dai Muntasir ya daɗe da ajiye sifana ya koma dillancin motoci. Mutum ne mai daɗin baki, mai son turare da fararen kaya. Shi ya shawo kan mai motar, wani attajiri ɗan ƙasar, har ya yarda cewa a duk Kuala Lumpur babu mai iya aikin sai wani baƙar fata da ke Cheras.

Abu uku mai motar yake so. Yana son a sa inji wanda ya fi na asali girma. Yana son a mayar da sitiyari ɓangaren dama, tun da ta hagun titi ake tuƙi a ƙasar. Yana kuma son iyakwandishan, domin zafin garin ba ya ƙyale kowa. Duk waɗannan sai sun zauna a gidan injin da tun farko ba a bar masa sarari ba, ba tare da an yanke ko taki ɗaya na jikin motar ba.

Teoh ya leƙa ciki da tocila, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya dubi Haliru.

“Boleh?” ya tambaya, wato ko zai yiwu.

“Zai yiwu, amma ba bana ba.”

Muntasir ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. “Ka ji Injiniya. Ko allura ka ba shi ya zura zare sai ya nemi wata uku.”

“Kai kuwa da wata uku aka ba ka, da ka sayar da allurar,” in ji Haliru.

Wata goma sha huɗu aikin ya ci. Da aka sauke sabon injin, abin da ya rage tsakaninsa da bangon motar bai kai kaurin littafin yara ba. Sandar sitiyari ta ratsa daidai inda bututun salansa yake son fita, sai da Haliru ya lanƙwasa bututu sau biyar kafin ɗaya ya zauna. Batir ya rasa wuri, aka mayar da shi but. Fulogi na ƙarshe a ɓangaren dama kuwa ba ya fita sai an kwance ƙafar inji an ɗaga shi da jak. Haliru yakan gasa sifana a wuta ya tanƙwara ta yadda za ta bi wani lungu, har ya tara guda tara, kowace da notin da aka yi ta dominsa. Yawancin aikin ba ya ganin abin da yake taɓawa. Yakan zura hannu har kafaɗa, ya rufe ido, ya bar yatsunsa su gaya masa inda noti yake da yadda ya ɗauru. Kullum yakan koma gida da sabon yanka a bayan hannu, Surayya ta shafa masa magani tana cewa, “Abban Daso, wannan mota sai ta fere ka kamar rogo.”

Akwai doka ɗaya da maigidansu na Kano ya kafa musu, shi da Muntasir, wadda Haliru bai taɓa karyawa ba: duk wanda zai sa hannu cikin inji, ya fara zare makullin motar ya sa a aljihunsa. Ba a kan tebur ba, ba a hannun aboki ba. Don haka ne Surayya ta ɗinka masa ƙaramin aljihu mai maɓalli a cikin wandon aikinsa. Makulli ɗaya tak motar ta zo da shi, tsoho mai kan tagulla.

Da aikin ya kusa ƙarewa, sai wani abu ya fara damunsa. Zai ɗaure komai ranar Asabar, ya dawo Litinin ya tarar fanbel ya saki, ko wani noti ya motsa, kamar motar da ta sha doguwar tafiya, alhali tana nan a lulluɓe inda ya bar ta. Ya zargi lissafinsa, ya sake awo. Ya zargi ƙarfen da ya ƙera domin riƙe injin iyakwandishan, ya kwance shi ya sake wani. Bai zargi kowa ba sai kansa.

Ranar wata Litinin bayan azahar, Teoh ya fita sayen abinci. Haliru ya shiga ramin da ke ƙarƙashin motar domin ya sake ɗaure fanbel, saboda ta sama hannu ba ya isa. Aiki ne na a ɗaure, a tayar, a saurara, a kashe, shi ya sa bai cire kan batir ba. Ya zura hannun dama tsakanin lagireto da inji, ya rufe ido. Ya ji muryoyi a bakin gareji, ya ji an buɗe ƙofar motar. Bai damu ba. Sai injin ya tashi.

Muntasir ne ya jawo shi daga ramin. Shi ya naɗe hannun da farar rigarsa, shi ya kai shi asibiti, yana tuƙi yana kuka. Likitoci sun cire yatsu biyu, na tsakiya da mai bi masa, manuni kuma suka ce ba zai ƙara lanƙwasuwa ba. Da Haliru ya farfaɗo, Muntasir na zaune a bakin gadon.

“Yaya aka yi?” Haliru ya tambaya.

Muntasir ya sunkuyar da kai. “Na zo da wani baƙo daga Abuja, yana son ya ji kukan injin. Ban ga kowa ba, na ɗauka kana masallaci. Ga makulli a jiki, Injiniya. A jiki ka bar shi.”

Haliru ya yi ta neman wannan lokaci a cikin kansa bai same shi ba. Ya tuna ya zare makullin, amma ya zare shi sau dubu a wasu ranaku, wa ya san ko wata ranar yake tunawa? Ya yarda. Labari ya bazu cikin 'yan Arewa da ke garin, masu dubiya suka riƙa zuwa suna jajantawa, kowa kuma kafin ya tashi sai ya ce mantuwa ba ta bar kowa ba. Teoh ya zo da lemo a leda, ya zauna, ya ce, “Shekara biyar ban taɓa ganin ka manta ba.” Wannan magana ta fi ɗinkin hannun yi masa ciwo. Yatsu sun tafi, amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne a ce Haliru, wanda ake ba wa amanar motar da babu irinta, shi ya yi sakacin da ko sabon shiga ba zai yi ba. Ya gaya wa Surayya cewa ya bar kanikanci, domin wanda ya manta sau ɗaya zai sake, kuma wata rana hannun wani ne zai kasance a ciki.

Muntasir bai yi nisa da gidan ba. Yana kawo kifi da 'ya'yan itace, yana kai yara makaranta. Sau biyu yana tambayar Surayya tufafin aikin da aka cire wa Haliru a asibiti.

“Uwargida, ba ni ledar nan in jefar miki, ba abin gani ba ne.”

“Haba, ka bar shi, ɗawainiyar ta yi yawa,” ta ce, don kunyar ta miƙa wa baƙo kayan jini.

Sai bayan mako uku ta iya buɗe ledar. Ta zuba ruwa a bokiti, ta soma laluba aljihuna kamar yadda ta saba kafin wanki. Ƙaramin aljihun ciki yana rufe da maɓallinsa. Ta ɓalle shi. Ta zo falo hannunta a jiƙe, ta ajiye tsohon makulli mai kan tagulla a kan cinyar mijinta.

Washegari ya hau jirgin ƙasa zuwa Cheras. A jikin ƙusar da Teoh ke rataye makullai, ga wani makulli na koriyar motar, sabo fil, haƙoransa na ƙyalli. Teoh ya ce shi ya zare shi daga motar ranar da abin ya faru, hankalinsa a tashe, bai duba ba. Ya haɗa su biyun a tafin hannunsa ya juya su. Sa'an nan ya tuna cewa Muntasir na da makullin ƙofar gareji, saboda yakan kawo motoci ranar Lahadi. Mai shagon taya da ke maƙwabtaka ya ƙarasa musu sauran: kusan kowace Lahadi da hantsi yakan ga baƙar fatar nan mai fararen kaya ya fita da koriyar mota, ya ɗauka gwaji ne. Nan Haliru ya gane abin da ke sassauta fanbel. Aikin da ya ci masa yatsu ma, yawon Muntasir ne ya jawo shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ya ja Muntasir zuwa wani shagon shayi na Indiyawa kusa da masallaci. Ya ajiye makullan biyu a kan tebur da hannun hagu.

Muntasir ya dube su, ya kau da kai. “Masu saye nake nuna wa ita a Bukit Bintang. Talla ce, har kai za ta amfana.”

“Ban tambaye ka wannan ba. Ka san dokar Maigida. Ka san inda makullina yake lokacin da kake zaune a bakin gadona.”

“Ƙaddara ce, Injiniya.”

“Yatsun ƙaddara ce, na karɓa. Maganar da ka faɗa fa?”

Muntasir ya matso, ya rage murya. “To me kake so in yi? In ce na yanka makullin motar mutum ba da saninsa ba? Ka san ko wane ne shi a garin nan. Kafin sati an ɗaure ni ko an kore ni. Kai hannunka ya riga ya tafi, mutumina, faɗar gaskiya ba za ta dawo da shi ba. Ni kuwa ina da abin da zan rasa.”

Haliru ya daɗe yana kallonsa. Wannan fuskar ce dai da ya sani tun suna wanke noti da kananzir, ba abin da ya canza a cikinta.

“Ba na neman a ɗaure ka,” ya ce. “Mai mota ba zai ji daga bakina ba. Mutanenmu kawai, waɗanda ka gaya wa na manta. Ka tsaya a gabansu ka gyara maganar.”

“Juma'a mai zuwa, in sha Allahu.”

Juma'ar ta zo, Muntasir ya yi salla a wani masallaci. Ta bayanta ma haka. Da Haliru ya kai maganar wurin dattawan jama'a, suka saurare shi da tausayi, suka ce a rufa wa ɗan'uwa asiri a ƙasar mutane, kada a jawo wa sauran ido. Ɗaya daga cikinsu ya ƙara da cewa ciwo yakan sa mutum ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. Haliru ya tashi ya yi musu sallama.

Teoh ne kaɗai ya yi wani abu a kai. Ya canza kwaɗon gareji, ya hana Muntasir shigowa, ya kira Haliru ya ce aikinsa na jiransa. Su biyu suka ƙarasa koriyar motar, amma ba kamar da ba: duk abin da a baya yatsun Haliru ke yi a rufe cikin minti ashirin, yanzu sai sun sauke injin gaba ɗaya, kwana biyu. Mai ita ya zo ya karɓa, ya yaba, bai tambayi abin da ya sami hannun bakaniken ba.

Yau Haliru yana nan a garejin Cheras, shi ke riƙe da shi tun da ƙafa ta fara damun Teoh. Yana gano ciwon inji da kunne, yana ɗaure abin da hannun hagu zai iya kaiwa, ba ya kuma karɓar aikin manyan motocin Amurka. Muntasir ya buɗe wurin sayar da motoci a wata unguwa, ana gayyatarsa suna da ɗaurin aure. Idan suka haɗu a taro, Haliru yakan amsa sallamarsa, ba ya ƙarawa. Muntasir bai gyara maganar ba, kuma mafi yawan 'yan Arewa da ke Kuala Lumpur har yanzu sun ɗauka cewa sakacin Haliru ne ya ci masa hannu.