Yadda Alhazai Biyu Suka Zaɓi Na'urar Auna Gudu da Tafin Hannu

Tsufa ya yi mini alheri, ya share abubuwa da dama daga ƙwaƙwalwata, amma ya ƙi taɓa ranar da aka ɗora mini zaɓen na'urar auna gudun jiragen wasa a Ƙauran Namoda. Wannan kam da ita zan shiga kabari.

Ni ɗan makarantar mishan ne ta da, inda ake sa yaro ya sake jan layi idan ya karkace ko da kaurin gashi ne, kuma kimiyya na koyar har na yi ritaya. Saboda haka ban taɓa amincewa da a ce "kamar kaza" a maganar awo ba.

Ƙanena dillalin hatsi ne. Yana da amini mutumin Shinkafi, mai manyan motocin dako. Tun suna samari suke sa hannu a kwano ɗaya, kuma hatsin wannan a motar wancan yake tafiya kudu. Wata shekara suka je sayayya ƙasar waje, kowannensu ya dawo da ƙaramin jirgin ruwa mai rimot, tsawon kamu guda, wai tsarabar jikoki. Jikokin dai sun ga kwalayen. Tun da hanya ta lalace aka daina zuwa Zurmi ko Dauran sai da dalili mai ƙarfi, dattawan nan biyu masu furfura suka mai da wani tafki da damina ta bari a bayan gari filin wasansu na kowace Juma'a.

Wata Juma'a suka yi tsere, ba layin farawa, ba na ƙarewa, kowa ya rantse nasa ne ya riga. Aminin ya ce jirgin ƙanena tafiyar jakin kai taki yake yi. Ƙanena ya mai da abin da ba zan rubuta ba. Daga nan gaisuwa ta yanke, ƙanena ya fara loda hatsinsa a motocin wasu, iyalansu suka daina shiga gidajen juna. Zumuncin da ya girmi 'ya'yansu yana neman mutuwa a kan abin wasan yara. Da dattawan unguwa suka matsa, sai suka amince da abu ɗaya: a bar Malam, wato ni, ya auna.

Na ɗauki aikin da muhimmancin da bai cancanta ba. Na fara da tunanin agogo da igiya, na watsar, domin agogo da yatsan mutum yake tsayawa, kuma babu yatsa a Ƙaura wanda ba shi da ɓangare. Na duba irin na'urar da ake nuna wa motoci a kan titi, na ga sai jirgi ya nufo ka kai tsaye take faɗin gaskiya. Bayan haka, siffar bindiga gare ta, kuma mai hankali ba ya tsayawa a bayan gari a Zamfara ta yau yana saita abu mai kama da bindiga. Daga ƙarshe na tsaya a kan wata 'yar na'ura mai aiki da tauraron ɗan'adam, girman kwalin ashana, ruwa ba ya shigarta. Manna ta ake yi a bayan jirgi, ta riƙe gudu mafi girma da ya yi. Na sa wani ɗan kudu mai shagon kayan lantarki ya yi odarta.

Ranar da ta iso na kira su shagon. Suka zo, kowa ya tsaya a nasa gefen yana kallon bango. Ƙanena ya karɓi na'urar, ya ɗora a tafin hannu, ya ɗaga ya sauke, kamar yadda yake jin nauyin damin gero.

"Yaya, wanga ne munka daɗe muna jira? Ai babu komi cikinai. Iska ce."

Aminin ya miƙo hannu ba tare da ya dube shi ba, shi ma ya gwada.

"Malam, ka gafarce ni, an yi maka jabu. Ni na san kaya. Batir in babu nauyi jabu ne. Janareta haka. Ko tocilan sai ka ji ta a hannu."

Wannan ne karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya tun faruwar rigimar, kuma a kaina ya sauka. Idon aminin ya kai kan wani akwatin ƙarfe a kanta, irin na'urar da yake sa wa motocinsa don ya riƙa ganin inda suke da gudunsu a wayarsa. Ya ɗauka, fuskarsa ta washe.

"Yauwa! Ga kaya."

Mai shagon ya ce, "Alhaji, wannan na tirela ne fa. Sai da batir yake aiki."

"To a haɗa mini da batirin mashin."

"Ni ma a ba ni," in ji ƙanena, "amma batirina ya fi nashi girma."

Na yi musu bayani dalla-dalla cewa abin awo bai kamata ya canja abin da ake aunawa ba, kuma jirgin da bai kai nauyin zakara ba ba zai ɗauki kayan tirela ba. Suka saurare ni da irin ladabin da ake yi wa tsohon da ake zargin ya fara ruɗewa.

"Allah shi ƙara girma, Yaya," in ji ƙanena. "Ka dai zo ka yi alƙalanci."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci bakin tafki ya cika, har da masu rake da masu ƙosai. Aka ɗaure wa kowane jirgi akwatinsa da batirinsa da robar tayar babur, ɗaurin da ko buhun wake zai yi alfahari da shi. Da aka sa su a ruwa, gefensu kaɗai ke leƙowa. Alhazai suka danna rimot. Injuna suka yi kuka mai ban tausayi, jirage suka fara rarrafe. Wasu agwagi suka zo suka wuce su ba tare da gaggawa ba. Na duba wayoyin biyu, na sanar da jama'a da murya mai ƙarfi, domin aikina ke nan, cewa duka jiragen suna gudun tsoho mai ciwon gwiwa a hanyar masallaci.

Jirgin aminin ya fara shan ruwa ta baya, ya ɗaga hanci sama, ya ɓace.

"Na ci! Jama'a ku shaida na..."

Ƙanena bai rufe baki ba nasa ya kife ya bi sahu.

Ba su cire ko babbar riga ba suka faɗa ruwan. Laka ta kama ƙafar aminin, ya yi tangaɗi, ƙanena ya cafke shi.

"Riƙe ni, Alhaji, kada ka faɗi!"

Suka daɗe suna lalube, suka fito da jiragen suna ɗigar laka, hannu cikin hannu. Na gyara tsayuwa ina jiran a ce ai Malam ya faɗi haka tun a shago. Sai na ji aminin yana tambaya yana haki:

"Wai wa ma ya kawo maganar na'urar ga?"

"Yaya ne."

"Da can muna wasanmu lafiya lau."

"Boko ke nan, Alhaji. Mi za a yi?"

A mota ɗaya suka koma gida. Kasuwar da ta biyo baya, hatsin ƙanena a motar amininsa ya tafi. Ni kuwa har yau idan na wuce majalisa sai in ji ana raɗa cewa ga malamin da ya nutsar da jirage biyu.

Abin da na koya shi ne, idan manya biyu masu taurin kai suka ce ka zo ka auna musu gaskiya, ba awo suke nema ba. Mutum na uku suke nema wanda za su jingina wa laifin, su samu hanyar komawa ga juna ba tare da wani ya sunkuya ba. Duk wanda aka kira irin wannan aiki, ya je da saninsa cewa shi ne kayan sulhun.